Tarihin jirgin Enterprise na Star Trek: tambayoyin da ake ta yi a fada da amsoshinsu

Tun da masu tura fim a waya suka fara zuba wa mutane Star Trek a katin memori, gardama ɗaya ce ke ta dawowa a fadodin Maraɗi. Wannan ya ce jirgin ya fashe, wancan ya rantse jiya ya gan shi lafiya lau. Wani ya ce kyaftin ɗin mai sanƙo ne, wani ya ce sumarsa cike take. Kowa da gaskiyarsa. Abin da ke haɗa su shi ne tarihin jirgin nan ba a jere aka rubuta shi ba. Marubuta da yawa ne suka yi ta cike shi, wani ya ƙara a gaba, wani ya koma baya ya toshe giɓi, yau kusan shekara 60 ke nan. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Malam, wai jirgin nan akwai shi da gaske?

Babu shi. Ƙagaggen labari ne wanda wani Ba'amurke, Gene Roddenberry, ya ƙirƙira, tashar NBC ta fara nuna shi ranar 8 ga Satumba 1966. Abin da ke akwai shi ne samfurin da aka ɗauki hoton shirin da shi, na katako da roba, tsawonsa mita 3 da ƴan kai. Yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a Washington tun 1974. Gefensa na hagu ma ba a ƙawata shi ba, ta nan wayoyin lantarki suke fita, don ta dama kaɗai ake ɗaukar hotonsa.

Sunan dai ya fito daga allo ya shiga duniya. Hukumar NASA ta so ta sa wa kumbonta na gwaji suna Constitution, masu kallon shirin suka yi ta aika wasiƙu har Shugaba Gerald Ford ya yarda a kira shi Enterprise. An fito da shi bainar jama'a a 1976. Bai taɓa zuwa sararin samaniya ba, gwajin sauka kawai aka yi da shi, yanzu yana New York ana kallo.

Me ya sa wani ke cewa 1966, wani kuma 2245?

Lissafi biyu ne, kuma duk wanda ya gauraya su ya shiga ruɗu. Akwai shekarar da aka yi fim, akwai shekarar da labari ke faruwa. A cikin labari, an ƙaddamar da jirgin mai lamba NCC-1701 a 2245, ya hallaka a 2285. A wajen labari, an fara ganinsa a 1966, an fasa shi a fim ɗin 1984. A nan, duk shekarar da ta haura 2100 ta cikin labari ce.

Kirk ne kyaftin ɗinsa na farko?

A'a, na uku ne. Na farko Robert April, na biyu Christopher Pike, sannan James Kirk ya karɓa a 2265.

Yadda aka yi aka samu biyun farko shi ne abin sha'awar. April suna ne da Roddenberry ya rubuta a takardar neman kwangila a 1964, lokacin ma jirgin Yorktown ake kiransa. Aka watsar da sunan, sai a 1974 shirin zane na Star Trek ya tono shi ya ce ai shi ne kyaftin na fari. Shi kuwa Pike, shi ne jarumin kashin gwaji mai suna The Cage wanda NBC ta ƙi karɓa. Da aka sake gwaji da sabon jarumi, William Shatner a matsayin Kirk, sai tsohon fim ɗin ya zama asara a ajiye. Kuɗi sun yi ƙaranci, lokaci ya ƙure, masu shirin suka yanka shi suka cusa a cikin wani kashi mai suna The Menagerie, suka ce wannan abin da ya faru ne shekara 13 da suka wuce. Da haka jirgin ya wayi gari yana da tsohon tarihi wanda babu wanda ya tsara masa.

Kuma dabarar ta haifi ɗaya daga cikin labaran da suka fi taɓa zuciya. An nuna Pike bayan wani haɗari a jirgin horo, inda ya shiga cikin haske mai guba yana fito da ɗalibai. Fuskarsa ta ƙone, ba ya magana, ba ya motsi. Yana zaune cikin wata baƙar kujera da ta rufe shi har ƙirji, da ƴar fitila a gaba: in ta haska sau ɗaya, i ke nan, sau biyu, a'a. Spock, mataimakin Kirk, wanda ya yi wa Pike aiki shekara 11, ya sace Enterprise sukutum don ya kai tsohon maigidansa duniyar Talos IV, inda mazaunanta za su iya sa shi ya ji kamar lafiyarsa ƙalau, alhali dokar Starfleet, rundunar da ke da jirgin, ta ce wanda ya je can hukuncinsa kisa. Tun kafin su tashi Pike na ta haska fitila sau biyu, sau biyu, don ba ya so Spock ya hallaka kansa saboda shi.

Shirin Strange New Worlds da aka fara a 2022 ya koma zamanin Pike. A ciki ya riga ya ga abin da zai same shi, kuma bai kauce ba.

Yaya girmansa, mutum nawa yake ɗauka?

Tsawonsa mita 289. Zamanin Pike an ce mutum 203 ke ciki, zamanin Kirk 430. Faifan da ke gaba nan ne ɗakin tuƙi da ɗakunan kwana da asibiti, gangar da ke ƙasa ta injiniyoyi ce, dogayen bututun nan biyu na baya su ke ba shi gudu. Kirk ya taɓa cewa irinsa 12 kaɗai ne a rundunar Starfleet.

Ita lambar NCC-1701 daga ina ta fito?

Daga wanda ya zana jirgin, Matt Jefferies, wanda ya tuƙa jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen farar hula na Amurka a da suna ɗauke da NC, sai ya ƙara C ɗaya. Wajen zaɓen alƙaluma ya guji 3 da 6 da 8 da 9 saboda suna rikicewa a ƙaramar tele. Roddenberry ya hana shi sa wuta ko fukafukai irin na roka, shi ya sa jirgin bai yi kama da na sauran fina-finan zamanin ba. Ƙananan hanyoyin da injiniyoyi ke rarrafe a cikinsu ma sunansa aka sa musu.

Don me ba ya sauka ƙasa kamar sauran jirage?

Amsar cikin labari: a sarari aka yi shi ya zauna. Amsar gaskiya: tsada. Nuna saukar ƙaton jirgi kowane mako ya fi ƙarfin aljihun masu shirin, sai suka ƙirƙiro na'urar da ke narkar da mutum a nan ta haɗa shi a can.

Irin gudun nan nasa zai yiwu?

A labari, injinsa na haɗa abu da kishiyarsa, ƙarfin da ya fito ana daidaita shi da wani dutse na ƙage mai suna dilithium, sai a naɗe sararin da ke kewaye da jirgin ya wuce gudun haske. Shi ake kira warp. A kimiyyar da muke da ita, babu abin da ke wuce haske, wanda ke cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Tauraro mafi kusa da rana, haske kansa sai ya yi fiye da shekara 4 kafin ya kai. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, da can ya nufa, sai ya haura shekara 70,000 a hanya.

Wani masanin kimiyya ɗan Meziko, Miguel Alcubierre, ya nuna a 1994 cewa lissafin Einstein bai hana a matse sarari a gaba a buɗe shi a baya ba. Sai dai a takarda abin ya tsaya, don yana buƙatar wani irin makamashi da ba wanda ya taɓa riƙe shi a hannu. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankulodo da ke son gardama, ga wurin yi nan.

Me ya faru a shekaru biyar na Kirk?

Daga 2265 zuwa 2270 aka tura shi binciken duniyoyin da ba a sani ba. Shirin na asali kashi 79 ne, zango uku, aka dakatar da shi a 1969, don haka shekara uku kawai muka gani. A ciki jirgin ya gwabza da mutanen wasu duniyoyi irin su Romulan masu jirgin da ke ɓacewa, ya yi ta zaman doya da manja da wasu da ake kira Klingon, ya ga ƴan'uwansa irin su Constellation da Defiant sun salwanta. Abu ɗaya da ya kamata a riƙe shi ne kashin Space Seed. A nan suka tsinci wani tsohon jirgi, Botany Bay, cike da mutane masu barci, shugabansu Khan. Ya farka ya nemi ƙwace Enterprise, Kirk ya ci galabarsa, maimakon ya kai shi kurkuku sai ya ajiye shi da mutanensa a wata duniya mai suna Ceti Alpha V. Wannan sassaucin ne daga baya ya ci jirgin.

Na fim ɗin 1979 bai yi kama da na tele ba. Shi ne kuwa?

Shi ne, a cewar labari. An shigar da shi gyara na wata 18, aka sauya injina, aka sauya bututun baya, aka faɗaɗa faifan, aka sake ɗakin tuƙi. Sabon kyaftin ɗinsa, Willard Decker, da bakinsa ya gaya wa Kirk cewa wannan kusan sabon jirgi ne gaba ɗaya, kuma ya yi gaskiya, don Kirk har ɓata ya yi a cikinsa. Lambar dai ba a taɓa ba. In ka tambaye ni, wannan siffar ta fi kowace kyau a duk jerin, har da na zamanin kwamfuta.

To yaya aka yi ya hallaka?

A 2285 jirgin ya tsufa, an mai da shi na horar da ɗalibai ƙarƙashin Spock. Khan ya kuɓuta, ya ƙwace wani jirgin Starfleet mai suna Reliant, ya zo ɗaukar fansa, don duniyar da aka bar shi ta zama kufai, matarsa ta mutu a can. Ya yi wa Enterprise kwanton ɓauna ya ragargaza shi. Da ya ga ya sha kashi sai ya kunna Genesis, na'urar da ke rushe duniya ta sake gina ta. Injin Enterprise ya mutu, ba halin gudu. Spock ya shiga ɗakin da ke cike da guba ya gyara da hannunsa, jirgi ya tsira, shi ya rasu. Wannan shi ne fim na biyu, na 1982.

A na uku, manya suka ce jirgin ya gama aiki, ba za a gyara ba. Wani babban hafsa ma ya ce shekararsa 20, alhali lissafin da aka tsayar daga baya ya ba shi 40. Irin tuntuɓen da ake samu ke nan idan hannu da yawa ke rubutu. Kirk ya gano akwai hanyar dawo da Spock in an je duniyar Genesis, wadda na'urar nan ta haifar, aka hana shi. Da dare shi da abokan aikinsa, likita McCoy da injiniya Scotty da Sulu da Chekov, suka sace jirgin, mutum biyar a jirgin mutum 400, Scotty ya haɗa komai da kwamfuta. Sabon jirgi Excelsior ya taso zai kamo su, ya mutu a bakin tasha, ashe Scotty ya riga ya zare masa ƴan ƙananan kayayyaki ya zuba a aljihu.

A Genesis suka tarar da jirgin Klingon na kwamanda Kruge. Harbi ɗaya haɗin Scotty ya ƙone, jirgi ya tsaya cik. Aka kashe David, ɗan Kirk, yana ji ta rediyo. Kirk ya ce ya miƙa wuya, a ba shi minti kaɗan. Shi da Scotty da Chekov suka tsaya gaban kwamfuta, kowa ya faɗi nasa kalmomin sirri, aka sa daƙiƙa 60, suka tura kansu ƙasa. Sojojin Klingon suka shigo suka bi jirgi ba kowa. A ɗakin tuƙi suka tarar da murya ɗaya tana ƙirge, su kuwa ba su san me take faɗi ba. Jagoransu ya kanga mata na'urar magana don Kruge ya ji. Kruge ya gane, ya yi ihu su fita, ina. Ɗakin tuƙi ya tashi, faifan ya yi ta cin wuta har lambar ta narke, ragowar ta faɗo tana ja wa sama jan layi, su Kirk na tsaye kan dutse suna kallo. Ya tambayi McCoy me ya aikata haka, likitan ya ce abin da ya zama dole ne.

A ganina nan ne tarihin jirgin ya yi nauyi. Ba abokin gaba ne ya ci shi ba, mai shi ne ya ba da shi don ya fanshi abokinsa. An fasa wasu Enterprise bayan wannan, ba wanda ya yi zafinsa, don an riga an koya wa mai kallo cewa wani na tafe.

In ya fashe, wanda muke gani da mai sanƙo fa?

Wani jirgin ne daban mai suna iri ɗaya. Mu a Maraɗi ba sai an yi mana dogon bayani ba: birnin Katsina ya fita hannun sarakunan Haɓe zamanin jihadi, amma sarautar ta biyo su har nan, kuma har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai ita. Haka sunan Enterprise da lambarsa suke bin jirgi bayan jirgi, ana ƙara harafi a ƙarshe.

Na A an ba Kirk shi a 2286 bayan an rage masa girma daga admiral zuwa kyaftin, aka yi masa ritaya a 2293 bayan ya taimaka an ƙulla sulhu da Klingon a Khitomer. Na B, a tafiyarsa ta farko a wannan shekarar Kirk ya ɓace. Na C kashi ɗaya tak aka nuna shi, amma ya fi wasu da aka daɗe ana gani. Kyaftin ɗinsa mace ce, Rachel Garrett. A 2344 ya amsa kiran neman agaji daga wani sansanin Klingon a Narendra III da Romulan suka far wa, ya mutu yana kare mutanen da ba nasa ba. Su Klingon masu girmama jarumta ne, wannan mutuwar ce ta hana yaƙi tsakaninsu da Tarayyar Duniyoyi, wadda Starfleet ke wa aiki. Bayansa an yi kusan shekara 20 ba jirgi mai sunan.

Na D shi ne na Jean-Luc Picard, mai sanƙon, a shirin da aka yi daga 1987 zuwa 1994. Ya ninka na Kirk tsawo, hawa 42, mutum fiye da 1,000 har da mata da yara da makaranta, kuma faifansa na iya rabuwa da gangar. A 2371 gangar ta fashe, faifan ya yi saukar dole a dajin Veridian III. Na E ya biyo baya a fina-finan 1996 zuwa 2002. A shirin Picard na 2023 an ga F, an ga injiniya Geordi La Forge ya kwashe shekaru yana gyara D a ɓoye har ya sake tashi, aka rufe da G a hannun Seven of Nine.

Akwai wani mai lamba NX-01, shi kuma na ina ne?

Kakansu ne, amma daga baya aka haife shi. Shirinsa 2001 aka fara, labarinsa kuwa na 2151 ne, kyaftin Jonathan Archer, tun kafin a kafa Tarayyar Duniyoyi a 2161. Shi ya sa ba ya cikin jerin haruffa.

A fim ɗin 2009 na ga ana ƙera shi a ƙasa, Kirk yana saurayi. Wa ke ƙarya?

Ba kowa. Allon da ke ɗakin tuƙin jirgin asali San Francisco ya ce. Fim ɗin 2009 reshe ne daban: wani Romulan mai suna Nero ya komo daga gaba zuwa 2233, ya hallaka jirgin Kelvin da mahaifin Kirk a ciki, daga nan tarihi ya rabu biyu. A wannan reshen an ƙera jirgin a jihar Iowa, ya fara aiki a 2258, aka tarwatsa shi a fim ɗin 2016. Masu shirin sun yi haka ne don su sami ƴancin sauya abin da suke so ba tare da tsofaffin masu kallo sun cinye su ba. Sun dai sha surutu duk da haka.

Akwai ɗan Afirka a jirgin?

Akwai. Uhura, mai kula da sadarwa, tana jin Swahili tun a shirin farko, sabon shirin Strange New Worlds ya ce ƴar Kenya ce. Nichelle Nichols da ta fito a matsayinta ta so barin aikin bayan zangon farko, Martin Luther King ya roƙe ta ta zauna, don a Amurkar lokacin ba a saba ganin baƙar mace a kujerar hafsa ba. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce Uhura ce ta sa mata sha'awa. Akwai kuma likita M'Benga, wanda a sabon shirin Babs Olusanmokun, haifaffen Legas, ke fitowa a matsayinsa.

Baba ya ce masu faɗin abin da zai faru a 2245 duba suke yi. Me zan ce masa?

Ka ce masa da ladabi ba su yi da'awar sanin gaibu ba, tatsuniya ce aka sa mata kwanan wata. Hujja ma tana cikin shirin. A 1967 sun rubuta cewa Khan ya mulki kashi ɗaya cikin huɗu na duniya daga 1992 zuwa 1996. Shekarun suka zo suka wuce ba Khan ba dalilinsa, har sai da marubutan baya suka nemo dabarar matsar da zamaninsa gaba. Batun halaccin kallon fim kuwa na malamai ne.

Yaya, ta ina zan fara in ba ni da kuɗin tura duka?

Kada ka fara da NX-01 don kawai shi ne farko a lissafin labari. An yi shi ne don wanda ya riga ya san sauran. Ka ce wa mai turawa ya sa maka The Menagerie da Space Seed daga shirin asali, sai fim na biyu da na uku da na huɗu, a jere, don labari ɗaya ne aka raba uku. Ka duba lambobin kafin ka bar shagon, an sha ba mutum na uku a matsayin na biyu. In kati ya rage wuri, a ƙara kashin Yesterday's Enterprise na 1990, inda na C da na D suka haɗu.